Kafin a Cire Mini Mahaifa

Ciwon mara ba baƙona ba ne. Tun ina 'yar sakandare a Kano nake kwanciya kwana biyu duk wata, Umma ta jiƙa mini jar kanwa da citta, ta ce idan na yi aure na haihu zai tafi. Auren na yi shi, haihuwar ce ba ta zo ba. Sau biyu ina samun ciki, duka biyun suka zube kafin su kai wata huɗu. Ciwon kuwa ya biyo ni har New York, kuma a nan ya girma.

A lokacin da nake magana a kai ina da shekara arba'in da ɗaya, ina zaune ni kaɗai a ciki da falo a hawa na huɗu, a wani layi da ke bayan Fordham Road. Maigidana ne ya kawo ni sa'ad da ya zo karatun digirinsa na uku. Da ya gama aka kira shi koyarwa a gida ya koma, muka yi shawara in zauna in riƙe aikina har takarduna su kammala. Shekara ɗaya muka ce. Shekara ɗayar ta zama huɗu. Yakan zo lokacin dogon hutu ya yi wata guda, sauran watannin kuma sai waya.

A ɗakin karatu na wata jami'a nake aiki, a wani ofis na ƙarƙashin ƙasa da ba shi da taga, ina shigar da sababbin littattafai a kwamfuta. Mu uku ne a ofishin, kowa da abin sauraro a kunne. Mutanen kirki ne, amma gaisuwarmu ba ta wuce kalma biyu ba.

Kwanakin al'adata suka tashi daga biyar suka koma tara, daga tara suka koma sha uku. Na daina sa duk wani kaya mai haske. Jakata kullum da siket na biyu a ciki, da audugar mata mai yawa, da ƙwayoyin rage zafi. A jirgin ƙasa ko da akwai wurin zama tsayuwa nake yi, don ina tsoron abin da zan bari a kan kujera. A ƙarƙashin teburina akwai gorar ruwan zafi da nake ɗorawa a mara, har fatar wurin ta yi duhu ta yi zane-zane. Na sayi hulba da habbatus sauda a wurin masu shimfiɗa kaya a titi na 125, na sha har jikina ya riƙa warin hulba, ban ga canji ba.

Wata safiya cikin hunturu, ina tsaye a jirgi na riƙe ƙarfe, sai na ji kunnuwana sun toshe, hasken fitilu ya riƙa ja da baya. Da na farfaɗo ina kwance a dandamalin tasha, wata mata tana yi mini fifita da jarida tana magana da yaren Sifaniya, wani kuma ya naɗe rigar sanyinsa ya sa mini a ƙarƙashin kai. Abin da na fara yi shi ne laluben mayafina in ji ko yana kaina. A asibiti suka ce jinina ya yi ƙasa sosai, suka ƙara mini leda biyu. Mutum ɗaya na kira a ranar, shugabar ofishinmu, na ce mata ba zan samu zuwa ba.

Daga nan aka haɗa ni da likitar mata, wata dattijuwa mai furfura mai magana a hankali. Bayan an yi mini hoto da gwaje-gwaje, ta zaunar da ni ta ɗauki biro ta zana mahaifa a bayan wata takarda. Ta yi da'ira uku a jiki ta ce waɗannan ƙari ne, babban ya kai lemon zaƙi. Ta ce ba kansa ba ce, in kwantar da hankalina ta wannan fannin. Sannan ta yi ɗigo-ɗigo a bangon mahaifar, ta ce shimfiɗar da ke zubewa duk wata ta kutsa cikin naman bangon, shi ya sa ciwon ya kai haka.

Ta jera mini hanyoyi. Akwai ƙwayoyi, amma hawan jinin da nake da shi ya hana a ba ni waɗanda suka fi aiki. Akwai roba mai magani da ake sakawa a cikin mahaifa. Akwai allura mai tsayar da al'ada gaba ɗaya na ɗan lokaci. Ana iya toshe jijiyoyin da ke kai wa ƙarin jini don ya motse, ana iya yin tiyata a cire ƙarin a bar mahaifar. Daga ƙarshe ta ce akwai kuma cire mahaifar kanta.

"Kafin mu zaɓa sai na san abu ɗaya," in ji ta. "Har yanzu kina son haihuwa?"

Ban taɓa jin an yi wa mace wannan tambayar ba. A inda na taso ba a tambayar ko ana so, addu'a kawai ake yi. Na ce mata ban sani ba. Ta ce ba laifi, ba yau za a yanke ba, ta naɗe takardar zanen ta miƙo mini.

Robar na fara gwadawa. Ta yi mini rana, wata takwas ina samun sauƙi, har na sayi atamfa mai ruwan ƙwai na kai ɗinki. A wata na tara jini ya ɓalle, robar ta fito da kanta. Likita ta ce ƙarin ya karkatar da cikin mahaifar, ba ta samu wurin zama ba. Sai aka koma allura. Jinin ya tsaya cak, amma sai zafi ya riƙa taso mini daga ƙirji zuwa fuska, ana zuba ƙanƙara a waje ni ina gumi a ofis. Na zama mai saurin kuka, ko littafi ne ya faɗi daga hannuna sai hawaye. Kuma an gaya mini tun farko ba za a wuce wata shida ana yi ba, saboda tana rage ƙarfin ƙashi. Da wa'adin ya cika muka sake zama da likita. Ta ce cire ƙarin kaɗai ba zai taɓa ciwon da ke cikin bangon ba, kuma wani ƙarin yana iya sake fitowa. Toshe jijiyoyin kuma yana iya taimakawa, yana iya ƙin taimakawa, ba za ta yi mini alƙawari ba.

Ranar Asabar da hantsi na kira maigidana, a can la'asar ta yi. Na yi masa bayani tiryan-tiryan kamar yadda aka yi mini. Ya saurara bai katse ni ba. Ina jin ƙarar babura a bayansa, da alama a waje yake.

"To ke me kika gani?" ya ce.

"Na kira ne in ji abin da ka gani."

"Lafiyarki ita ce gaba. Haihuwa ta Allah ce, ni na daɗe da sallamawa. Duk abin da ya fi miki sauƙi ki yi, ina bayanki."

Magana ce mai kyau, kuma na san har zuciyarsa ya faɗe ta. Amma da na ajiye wayar sai na zauna a bakin gado na daɗe ban motsa ba. Ashe so nake ya yi gardama. So nake ya ce a'a, mu ƙara gwada wani abu, ko ya ce jira in zo mu ga likitar tare. Da ya ce ya daɗe da sallamawa sai na gane ni kaɗai ce na rage ina jira, ban ma san yaushe ya daina ba.

Umma kuwa ban iya gaya mata kai tsaye ba. Cewa na yi wata abokiyar aikina ce likitoci suka ce za a cire wa mahaifa.

"Tana da yara?"

"Ba ta da su, Umma."

"Shekarunta nawa?"

"Kamar ni."

Umma ba ta da boko, amma ba a yi mata wayo. Can sai ta ce, "Ki gaya mata kada ta yi gaggawa. Ni ina da arba'in da huɗu na haifi autana, kowa ya ɗauka na gama. Abin da aka cire ba ya komawa." Sai ta canja magana, ta ce an yi wa ɗiyar maƙwabta baiko. Da za mu yi sallama ta ce, "Ina yi wa abokiyar taki addu'a kullum." Muryarta ta ɗan karye a kan kalmar abokiya.

Makonni na yi ina juya abin. Da rana a ofis nakan buɗe shafukan intanet da mata ke ba da labarin tiyatarsu in karanta lokacin cin abinci. Wasu na cewa sun sake rayuwa, wasu na cewa sun yi nadama. Babu wadda ta yi kama da ni a cikinsu. Na yi istihara kwana bakwai a jere. Ban yi mafarki ba, ban ji wata alama ba. Allurar ta sake ni, jinin ya dawo fiye da da.

A cikin wannan halin na shiga wani shagon kayan abincin gida da ke kusa da mu, in sayi kuka da daddawa. Ciwon ya murɗa ni a tsakiyar shagon, na dafa kanta na sunkuya ina jira ya wuce. Sai na ji an kama mini gwiwar hannu. Wata Hajiya ce 'yar zangon Kumasi, ƙaƙƙarfa, za ta yi shekara sittin. Nakan gan ta a masallaci ranar idi, amma magana ba ta taɓa haɗa mu ba. Aikin kula da tsofaffi take yi a gidajensu, ranar ma da kayan aikin a ƙarƙashin hijabinta. Hausarsu ta zango ba ta cika raba namiji da mace ba, shi ya sa da ta ce mini "ƙanwana" sai da na ɗan yi murmushi duk da halin da nake ciki.

"Ƙanwana, zo zauna. Wannan tsayuwa naki na san shi."

Ta yi wa mai shagon magana da yaren Twi, ya buɗe mana ɗakin ajiya, ta zaunar da ni a kan buhun shinkafa. Ban san abin da ya sa ba, sai na kwashe komai na gaya mata, har abin da ban gaya wa maigidana ba, cewa wani lokaci nakan tsaya a gaban shagon kayan jarirai in yi kamar ina duba waya.

Ta saurare ni har na gama. Sannan ta tura ƙofar da ƙafa, ta ɗaga rigarta ta nuna mini wani dogon tabo a ƙasan cibiya.

"Shekara goma sha biyu ke nan," ta ce. "Sun cire nawa. Kafin nan jini kamar an yanka rago. Yanzu ina tashi, ina aiki, ina salla ba fashi."

"Kin yi nadama, Hajiya?"

"Ban yi ba. Amma ba zan yi miki ƙarya ba, ni yara biyar na haifa kafin su cire. Nawa da naki ba ɗaya ba ne. Ba zan ce ki yi ba, ba zan ce ki bari ba." Ta sauke rigar ta gyara hijabi. "Abu ɗaya zan tambaye ki. Yaron da kike jira, idan ya zo yau, kina da ƙarfin ɗaukar shi?"

Na ce ko jakata da ƙyar nake ɗauka zuwa hawa na huɗu.

Ta karɓi wayata ta sa lambarta da kanta, ta ce za ta makara, tsohuwar da take kula da ita ba ta son jira.

Ba tambayar Hajiya kaɗai ce ta sa na yanke shawara ba. Na koma wurin likita na roƙe ta ta gaya mini gaskiya, idan na bar mahaifar, wace dama nake da ita ta ɗaukar ciki ya zauna. Ta cire tabarau ta ce ba za ta ce babu ba, amma ƙanƙanuwa ce ƙwarai, kuma shekaru da ciwon duka ba sa wajena. Na tambaye ta idan an cire, ko zan zama kamar lokacin allura. Ta ce a'a, za ta bar mini wurin da ƙwai ke fitowa, jikina zai ci gaba da tafiyarsa har lokacinsa ya yi. Na ce a sa rana. Ban ji wani sanyi a zuciya ba da na faɗa, gajiya kawai na ji, irin ta wanda ya daɗe a tsaye aka ce ya zauna.

Nas ta ba ni takardu in cike. A shafi na ƙarshe akwai wurin rubuta sunan wanda zai mayar da ni gida, ta ce ba sa sallamar mutum shi kaɗai. Ranar ta faɗo tsakiyar zangon karatu, ana shirin jarrabawa, maigidana ba zai samu fita ba. Ya ce in ɗaga zuwa dogon hutu, amma hutun saura wata huɗu, jinina kuma ya sake yin ƙasa. Na zauna a ɗakin jira da biro a hannu ina bin sunayen da ke wayata ɗaya bayan ɗaya. Sunaye fiye da ɗari biyu, kusan duka lambobin gida. Na New York kuwa matan abokan maigidana ne, waɗanda idan ɗaya ta ji, kafin magariba an ji a Kano. Shekara tara a gari, sai ga ni ina kiran matar da na yi magana da ita sau ɗaya a kan buhun shinkafa.

"Rubuta sunana," ta ce, tun ban gama bayani ba. "Wane rana?"

Safiyar tiyatar ni kaɗai na tafi a tasi. Na share ɗakin kafin in fita, na dafa miyar kuka na raba a robobi na sa a firji, na jawo tebur kusa da gado na ɗora ruwa da magunguna. A asibiti aka ba ni riga mai buɗaɗɗen baya da hular roba. Na roƙi nas ta bar ni da ɗankwalina a ƙarƙashin hular har sai na yi barci, ta yarda. Ana tura gadon ina karanta abin da ya zo bakina, ina ƙirga fitilun rufi.

Kwana biyu na yi. Hajiya ta zo a rana ta uku da kunun gero a fulas. Ita ta riƙe ni muka hau matakalar gidanmu, muna hutawa a kowane hawa. Ta kwantar da ni, ta duba firji, ta yi mini faɗa a kan yawan barkonon da na sa a miya. Ƙarfe biyu ta duba agogo ta ce dole ta tafi wurin tsohuwarta. Na ji saukar takunta har ƙasa, na ji ƙofar waje ta rufe. Rana ta shigo ta taga ta kwanta a kan kafet. Na ɗora hannu a kan bandejin na yi kuka sosai, wanda ban yi irinsa ba ko lokacin ɓarin farko. Ba wanda ya ji, ban kuma yi ƙoƙarin rage murya ba.

Sau huɗu Hajiya ta ƙara zuwa a makonnin farko, kowane zuwa minti ashirin tsakanin aiki da aiki. Sauran lokacin ina takawa daga gado zuwa taga kamar yadda aka umarce ni, ina kallon masu jiran bas.

A mako na uku na gaya wa Umma. Na ce, "Umma, abokiyar nan tawa ni ce. An yi aikin." Ta ce ta sani tun ranar. Na jira faɗa, bai zo ba.

"Wa ya yi jinyarki?"

"Wata baiwar Allah ce 'yar Ghana."

"'Yar uwar wa ce?"

"Ba 'yar uwar kowa ba ce, Umma. A shago muka haɗu."

A nan ne ta fashe da kuka. Ta ce ta haifi 'ya'ya bakwai, a ce an yanka cikin ɗiyarta babu ko ɗaya a bakin gadonta. Ni na koma ina ba ta haƙuri.

Ciwon ya tafi. Wata na farko da ya zagayo na riƙa jiran sa, ina taka-tsantsan, bai zo ba. Ƙarfina ya dawo a hankali, na fara hawa matakala ba tare da tsayawa ba, abokan aikina suka ce fuskata ta canja.

Da bazara ta shigo aka gayyace ni suna a Port Richmond, matar wani abokin maigidana ce ta haihu. Na hau jirgin ruwa na tsallaka da turmin atamfa da kayan jariri a leda. Gidan cike yake da mata, ga waina ga miyar taushe, yara suna guje-guje ana yi musu magana da Hausa suna amsawa da Turanci. Aka miƙo mini jaririyar na karɓa. Tana barci, bakinta yana motsi. Wata dattijuwa daga cikin dangin mai jego ta dafa kafaɗata ta ce, "Allah ya kawo naki, 'yata. Ba a fid da rai." Matan da ke kusa suka ce amin. Ni ma na ce amin, don ban san wata amsar da ake bayarwa ba. Na ƙara riƙe yarinyar na ɗan lokaci, sannan na miƙa wa ta kusa da ni, na ce zan tafi kada jirgin ƙarfe biyar ya wuce ni.

A jirgin na zauna a waje duk da iska. Sun ƙulla mini waina a leda, tana da ɗumi har lokacin. Na buɗe na ci guda biyu ina kallon ruwa, na ɗaure sauran na ajiye na gobe.